Kwalin fara kundin tuna baya: abin da na gani bayan wata huɗu ina aiki da shi

Bayan an yi sadakar arba'in ɗin Baba, yayyena suka ce ni zan riƙe jakar hotunansa, tunda tun ina yarinya ni ce mai zama in yi ta jujjuya su. Baƙar jaka ce irin tsarabar Makka, zif ɗinta ya daɗe da mutuwa, da igiya ake ɗaure ta. Na kawo ta gida na ɗora a kan wadirob, ta kusa shekara ban iya buɗewa ba. Ranar da na kwance igiyar, wata Asabar cikin Nuwamba, na tarar kyankyasai sun yi gida a ciki. Sun cinye gefen hoton da Baba ya ɗauka da abokansa a makarantar horon malamai, rabin fuskar mutum ɗaya ta tafi. A daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta neman yadda zan yi da sauran.

Abin da na saya daga ƙarshe wani kwali ne da wata baiwar Allah a Kaduna take haɗawa tana tallarsa a Instagram, na masu son fara kundin tuna baya. A jikin murfin an rubuta scrapbook da Turanci. Littafi ne mai shafuka masu kauri, a sa hoto, a haɗa shi da ɗan abin da ya shafe shi, kati ko tikiti ko ƙyalle, sannan a yi rubutu da hannu a gefe: wane ne wannan, ina ne, wace shekara, me ya faru. Yanzu na cika shafi 41, don haka ina ganin na isa in faɗi abin da ya yi min aiki da abin da bai yi ba.

Lokacin da na saya kuɗinsa naira 26,000 ne, kuɗin mota daban. Na tura mata ranar Litinin da safe, da la'asar ta turo min hoton kwalin a hannun direba a tashar Kawo tare da lambarsa, washegari kafin azahar ɗana ya karɓo a Unguwa Uku. Ta naɗe shi da leda ninki biyu, ko kusurwa ɗaya ba ta lanƙwashe ba. A nan ba ni da ƙorafi. A ciki akwai kundin kansa, takardun ado masu zane guda 24, faranti biyu na 'yan kusurwoyin riƙe hoto, salatif na takarda kala 5, salatif mai manne gaba da baya, gam irin na murzawa, almakashi mai fitar da bakin takarda kamar haƙoran zarto, biro fari da mai ruwan zinare, sai leda cike da sitika.

Kundin shi ne ƙashin bayan kwalin, kuma shi ya fi komai kyau. Murabba'i ne, inci 8 kowane gefe, wajen santimita 20 ke nan. Baƙaƙen takardu 30 ne a ciki, shafi 60 idan an yi gaba da baya. Takardar firinta da muka saba da ita giram 80 ce, wannan kuwa ta ninka ta wajen sau uku, ta yadda ko an ɗora mata ƙyalle ba ta langaɓewa. Zobban ƙarfe 3 masu buɗewa ne suke riƙe da su. Da farko ban ɗauki zobban a bakin komai ba, sai da na gane na sa hoton auren Yaya kafin hoton kammala makarantarsa. Na ɓalle zobe, na sauya musu wuri, shi ke nan. Mai koyo dole ya yi irin wannan kuskure, kuma littafin da aka ɗinke bayansa ba ya yafiya. Ga shi shafuka suna kumbura idan an cika su, littafi mai ɗinki sai ya hangame baki ya ƙi rufuwa, wannan kuwa har yanzu yana kwanciya lafiya lau.

Wannan aiki a yadda ake yin sa yau daga Amurka ya taso. A 1980 wata mata mai suna Marielen Christensen ta baje kundaye 50 na danginta a wani taro kan adana tarihin iyali a birnin Salt Lake na jihar Yuta, shekara guda bayan nan suka buɗe shagon kayan aikin a garin Spanish Fork. Shi ya sa har yau da inci ake auna komai nasa. Girman da suka fi so a can inci 12 ne kowane gefe. Na gode Allah da ba shi aka sa a kwalin ba, don shafi mai wannan faɗi tsoro zai ba mai farawa. Sai dai inci 8 ma yana da tasa matsalar. Hoton da ake wankewa a shagunanmu inci 4 da 6 ne, idan aka jera biyu a kwance sun cinye tsawon shafin kaf, sai ɗan siririn gefe ya rage. Ko dai hoto ɗaya a shafi, ko kuma a ce da mai wanki ya raba takarda ɗaya gida biyu, kowane hoto ya fito inci 3 da 4. Da irin waɗannan ƙananan nake sa uku a shafi, har in sami wurin rubutu.

Idan za a ce in zaɓi abu ɗaya bayan kundin, 'yan kusurwoyin nan zan ɗauka. Wasu 'yan aljihu ne masu kusurwa uku na leda garai-garai, da manne a bayansu. A saka su a kusurwoyin hoton huɗu, a danna a kan shafi, su ne suke kama takardar, hoton kansa gam bai taɓa shi ba, duk sanda aka so a zare shi a mayar. Dalilin da ya sa wannan ya dame ni shi ne bayan hotunan Baba. Malamin makaranta ne, yawancinsu ya rubuta kwanan wata a baya da shuɗin biro, da ɗan karkataccen rubutun nan nasa da na sani tun a katin jarrabawata. Wasu kuma akwai hatimin mai hoto da tawada ruwan kunkumadi. Da na shafa gam a wurin, da na binne rubutunsa da hannuna. Kowane faranti guda 102 ne, biyun sun ɗauki hoto 51, a mako na biyar suka ƙare. Ya kamata a ce faranti huɗu mai kwalin ta sa, ta rage sitika.

Na ga abin da gam yake yi wa hoto a cikin jakar ma. Akwai wani albam irin na da, mai shafi mai danƙo da leda a sama, wanda kusan kowane gida yake da shi a shekarun 1980. Layukan danƙon sun koma ruwan ƙasa, sun bi bayan hotunan sun yi musu shati, wasu sun kama gam-gam kamar an haife su a wurin. Na fara da ɗaukar kowanne da waya, don ko da zai yage in kasance ina da shi. Sannan na sami zaren sakace, marar kakin nan, na zura shi ta ƙarƙashin kusurwa ina ja hagu da dama a hankali kamar mai yankan sabulu. Cikin 23 na ceto 19. Huɗu sun ƙi, na bar su a inda suke, don na ji takardar ta fara rabewa gida biyu.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ɗauki hotunan da ba su da rubutu na tafi Yakasai wurin Gwaggo. Ita ce yayar Baba, kuma tunda Umma ta riga shi rasuwa da shekara 6, ita kaɗai ta rage a nan kusa da ta san mutanen nan. Idonta ya yi rauni.

"'Yar nan, matso min da tabarmar bakin ƙofa, nan babu haske."

Ta riƙe hoton farko dab da fuskarta, ta daɗe, sannan ta sa ɗan yatsa a kan wani siririn saurayi mai tsayayyiyar hula. "Wannan kawunku ne na Funtuwa. Shekarar da aka canja kuɗi ne, don da sabuwar naira ubanku ya biya mai hoton, yana ta nuna mana ita."

Haka take ba da shekara, ba da lamba ba. Wani ta ce shekarar da aka canja hannun tuƙi, wani ta ce bayan kashe Murtala da 'yan watanni, ana cikin makoki aka ɗaura auren. Ni kuma ina rubutawa a ɗan littafi. Da na koma gida na lissafa: canjin hannu 1972, naira 1973, Murtala Fabrairun 1976. A shafin ina rubuta biyun duka, maganarta yadda ta faɗa, da shekarar a ƙasa. A wurina maganar tata ta fi lambar daraja, amma jikokina lambar za su gane.

Na miƙa mata wani. "Gwaggo, wannan na tsaye a bayan Baba fa, mai hannu a kafaɗarsa?"

Ta duba, ta juya shi, ta sake dubawa. "Na san fuskar nan. Ya sha cin tuwo a gidanmu. Sunan ne ya ɓace min. Ki tambayi kawunki."

Daga ranar na gane cewa rubutun shi ne aikin, adon biyo baya ne. A nan kuma kwalin ya ba ni kunya. Shafukan baƙaƙe ne, ba abin da yake fitowa a kansu sai farar tawada, farin biron da aka sa kuwa tun ranar farko yake tsallake, sai na bi harafi sau biyu. A rana ta huɗu ya tsaya cak a tsakiyar jimla, ina cikin rubuta labarin auren Umma. Babu suna a jikinsa balle in ce ga wanda ya yi shi. Mai ruwan zinaren ya fi shi daɗewa, amma ba a iya karanta dogon rubutu da shi. Na sayo farin Gelly Roll mai lamba 08 a wani shagon kayan zane, na kamfanin Sakura da ke Osaka a Japan, waɗanda suka fara fito da biro mai tawadar jel a 1984. Shi yana zuba sumul, fari tas, sai dai a ba shi minti guda ya bushe kafin a juya shafi. Idan labarin mai tsawo ne, a kan ɗan farin kati nake rubutawa da baƙin Pigma Micron mai lamba 05, wanda ruwa ba ya wanke tawadarsa, sannan in manna katin. Wannan ya fi sauƙi ga mai tsoron ɓata shafi, in an yi kuskure kati kawai za a sauya.

Gam ɗin ma haka. Da farko ya kama kamar gaske. Bayan mako uku, hunturu ya kankama, na buɗe kundin na tarar bakin takardun ado duk sun ɗaga, biyu sun faɗo cinyata. Shafi 9 na sake mannewa. Na koma Pritt, gam ɗin murzawa da kamfanin Henkel na Jamus ya fara fitarwa a 1969, wanda ake samu a shagunan littattafai na Sabon Gari, kuma ga shi mun shiga zafin Maris ko ɗaya bai ɗaga ba. Salatif mai gaba da baya na cikin kwalin yana da ƙarfi sosai, shi nake sa wa ƙyalle da kati mai nauyi, amma in ya sauka ya sauka, a auna wurin da fensir tukuna. Gam na ruwa kuwa yana sa takarda ta yi tudu da kwari, na sitaci kuma gayyatar kyankyaso da gara ne.

Sitikar kusan duk tana cikin ledarta har yau. Mutum-mutumin ƙanƙara, bishiyar Kirsimeti, kofin giya, da kalmomin Turanci da ba su da haɗi da hoton mutum sanye da babbar riga a filin Idi. 'Yan furanni da taurari kawai na tsinta. Na faɗa wa mai sayar da kwalin, na ce da za ta sa a buga mata nata, Barka da Sallah, ranar suna, kamu, saukar Alƙur'ani, dagin Arewa, da ta sayar ta gaji. Ta amsa min da murya a WhatsApp: "Wallahi Anti haka suke zuwa a dunƙule daga Chaina, amma na ji shawararki, kuma ki yi haƙuri da biron." Da na sayi ƙarin kusurwoyi ta haɗo min da faranti ɗaya kyauta. Na yaba da wannan, don ba ta tsaya musu ba.

Salatif na takardar ba laifi. Irinsa ya yi suna ne daga Japan, bayan kamfanin Kamoi na garin Kurashiki ya fito da nasa masu launi a 2008. Yana ɗagowa ba tare da ya yage shafi ba, yana yi wa gefe kyau, amma ado ne kawai, ba ya riƙe nauyi, kuma ba na ɗora shi a kan tsohon hoto.

Adon da ya fi min duka ba daga kwalin ya fito ba. Akwai hoton ranar sunana a 1984, Umma tana riƙe da ni. Hoto ne mai kala, amma irin na lokacin da ya koɗe ya koma ja-ja gaba ɗaya, ba a gane launin zaninta. Da Gwaggo ta gan shi sai ta tashi ba ta ce komai ba, ta buɗe adudunta, ta tono wani guntun atamfa da ta shimfiɗa a ƙasan kaya. Anko suka yi. Kore ne shar da ɗigon rawaya, zanen ganye, daidai da wanda yake jikin Umma. Shekara 40 ina kallon hoton nan ina zaton zanin ja ne. Ta yanko min kamar faɗin tafin hannu. Na goge shi, na manna a gefen hoton, na rubuta a ƙasa daga inda ya fito. Almakashin kwalin bai iya yanka ƙyalle ba, takarda kawai yake ci, sai da na ari na tela. Tun daga nan nake bin 'yan'uwa ina roƙon guntayen ankon bukukuwan gidanmu, atamfa da leshi da shadda.

Akwai maganar da mai farawa ya kamata ya sani kafin ya manna komai. A jakar na sami wata yankakkiyar jarida, Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ɗauke da hoton ɗaliban Baba sun ci kofi. Ta yi shekaru kwance a kan wani hoto, da na ɗaga ta sai ga shatinta ruwan ƙasa a jikinsa, murabba'i sak. Takardar jarida daga nikakken itace ake yin ta ba tare da an cire wani sinadari da ake kira lignin ba. Iska da haske suna sa shi ya yi rawaya ya saki asid, asid ɗin kuma yana bin duk takardar da ta jingina da shi. Shi ya sa ake neman kayan da aka rubuta wa acid free, wato marasa asid. Ledar takardun ado tana ɗauke da wannan rubutu, baƙaƙen shafukan kundin ba su da shi. Don haka kowane tsohon hoto sai na shimfiɗa masa takardar ado a ƙasa, ya kwanta a kanta, ba a kan baƙin shafi ba. Guda 14 da suka fi tsufa kuwa sikanin na sa aka yi musu aka wanko sababbi, su na sa a kundin, na asalin suna ajiye daban. Jaridar ma kwafinta na manna. Yaya ya kawo shawarar a kai su duka a yi musu laminatin, na ce a'a. Zafi ne da gam, kuma in an rufe an rufe, ba a dawo da shi.

Shafin aikin Hajjin Baba na 1982 shi na fi daɗewa a kai. Tikitinsa na Nigeria Airways yana nan, da tambarin giwar nan mai fukafukai, kamfanin da ya daina tashi tun 2003. Ban so in manna shi ba, sai na yanke ambulan gida biyu na yi masa aljihu a shafin, yara suna zaro shi su duba su mayar.

Kuɗin da ya fi yawa a wankin hoto yake tafiya, ba a kwalin ba, wannan a sa shi a lissafi tun farko. Na koyi abu biyu a wurin mai shagon. Hoton da ya bi ta WhatsApp yadda aka saba turawa an matse shi, yana fitowa dishi-dishi a takarda, sai a ce a turo shi a matsayin fayil. Na biyu, da na ce mai sheƙi nake so sai ya ce, "Hajiya, ki ɗauki marar sheƙi. Mai sheƙi yana ɗaukar shatin yatsa, in damina ta zo kuma yana iya mannewa da na gabansa." Gaskiyarsa, musamman da yake kundin bai zo da wata shara-sharar takarda tsakanin shafuka ba, wadda ya kamata a ce akwai. Ni na yanka takardar kwafin zane na huda ta na sa a zobban. Kundin kuma yana kwana cikin roba mai murfi, da 'yan ƙunshin tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, tun kafin ruwan Agusta ya zo.

Ga wanda bai taɓa yi ba kuma ba shi da komai a hannu, kwalin ya isa ya sa shi ya fara a daren da ya iso, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don da sai na bi kasuwa ina haɗa kayan ɗaya-ɗaya, da jakar tana nan kan wadirob. Amma ya ware kuɗin biro da gam da ƙarin kusurwoyi, a lokacin wajen naira 9,000 ne, ya kuma san cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na kwalin ba zai taɓa shi ba. Wanda yake da almakashi da gam mai kyau a gida, kundin da kusurwoyin kawai yake bukata. Haka na yi a karo na biyu, na ce wa mai kwalin ta sayar min da kundi zalla da faranti huɗu, ta yarda. Wannan na Umma ne da danginta.

Na farkon saura shafi 19. Shafi na 38 na gama shi, sai layi ɗaya da na ja da fensir a ƙarƙashin mutumin nan mai hannu a kafaɗar Baba. Kashegarin Sallah za mu je Funtuwa gaida Kawu, zan ɓalle zoben in tafi masa da shafin, da farin biro a jaka.